Ceto Kyauta Ne Ko Lada?

Akwai wata kalma wadda ba a yin sujada a wannan makaranta a tashi ba a ambace ta ba, watau alheri. Muna rera ta cikin waƙa, muna rufe addu'a da ita, ran jarrabawa kuma ko wane ɗayanmu ya iya rubuta cewa ceto ta wurin alherin Allah ya ke samuwa, ba ta wurin ayyukan mutum ba. To, amma ku tuna, 'yan'uwa, da yawa daga cikinmu in sun gama karatu ƙauyukan kudancin Kano za a aika su, wajen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, su koyar da yara da rana, ran Lahadi kuma dattawa su tura su gaba su yi wa'azi domin su ne masu karatu. Abin da na ke so mu bincika shi ne, sa'ad da ka ce wa tsohon Bamaguje alheri, mene ne ya ke ji? A ganina ba abin da ka ke nufi ya ke ji ba, sau da yawa kuma halin da mu ke nunawa cikin ikilisiya ya kan ƙarfafa shi a kan abin da ya ji.

Ku dubi yadda Bahaushe ya ɗauki alheri. Ya kan ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Watau ko da ya ke mutum ya bayar, yana sa rai abin zai komo masa wata rana. Mace ta kai wa ƙawarta biki ran suna, ƙawar nan ba ta mantawa, tana riƙe da lissafin a ka, ran da aka yi sha'ani a gidan waccan sai ta mayar har da ƙari. Manomi ya tafi gayyar maƙwabcinsa ya yini yana huɗa, ba a ba shi ko kwabo ba, amma kowa ya sani ran da ya kira tasa gayyar maƙwabcin nan ba shi da bakin cewa ba shi zuwa. Sarki ya aiko maka da riga, ba ka sallami manzon hannu wofi ba, gama an ce yaba kyauta tukwici. Ban kawo waɗannan domin in kushe su ba. Su ne igiyar da ta ɗaure gari, da babu su da marayu da gwauraye sun sha wuya fiye da haka. Amma duk wanda ya girma cikinsu ya koyi darasi guda tun yana goye, cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, kyautar da ba ka iya ramawa kuma abin kunya ce.

Addinin da kakannin Maguzawa suka riƙe bisa wannan ƙa'ida ya ke tafiya. Sun san akwai Allah, amma suna ganin ya yi nisa, sha'aninsu na yau da kullum da iskoki ne, irin su Kure da Uwar Gona da Sarkin Rafi. Ko wane iska yana da irin dabbar da ya ke so da launinta, in an ba shi ya tsare gida da gona, in an hana shi ya aiko da ciwo. Wani masani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya rubuta waɗannan al'amura cikin littafin da aka buga a 1946, wanda ya ke so ya iya dubawa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana ciniki da abin da ya ke tsoro, in ya shigo ikilisiya ba ya ajiye wannan tunani a bakin ƙofa tare da takalmansa. Tambayar da ke zuciyarsa ita ce, wannan Allah fa, me ya ke karɓa?

Bishara kuwa ba ta daɗe ƙwarai a wannan ƙasa ba. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Mila da abokan tafiyarsu suka iso Kano, Sarki Alu bai bar su sun zauna ba. Sai a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Mishan na S.I.M. suka kama aikin jinyar kutare a ƙasar Kano cikin shekarun 1930, suka buɗe asibitin ido a 1943, ikilisiyoyinsu suka zama E.C.W.A. a 1954. Yawancin Maguzawan da suka bar tsafi, waɗansu zuwa Musulunci waɗansu zuwa bin Almasihu, daga baya ne suka yi haka, musamman tun daga shekarun 1970. Ashe ke nan a ƙauyuka da yawa kakan da ya yanka wa Kure da jikan da ke karanta Littafi sun ci tuwo a akushi ɗaya.

Yanzu me Littafi ya koyar? Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa zuwa ga Romawa sura ta 4, ya raba abu biyu da mu kan gauraya, watau hakkin ma'aikaci da kyauta. Ɗan ƙodago in ya gama noma aka biya shi, ba ya durƙusawa ya yi godiya kamar an yi masa alfarma, guminsa ya karɓa. Bulus ya nuna ceto ba ya cikin wannan layi ko kaɗan, cikin wasiƙarsa zuwa ga Afisawa sura ta 2 kuma ya ba da dalili, domin kada kowa ya sami abin fahariya. Misalin da Ubangiji Yesu ya bayar cikin Matta sura ta 20 ya fi ko wane bayani shiga kunnen manomi. Mai gona ya ɗauki ma'aikata da sassafe bisa dinari guda, ya komo kasuwa da hantsi ya ɗauki waɗansu, haka da tsakar rana, haka da azahar, har da la'asar sakaliya ya tarar da waɗanda ba wanda ya ɗauke su, ya tura su gona. Da aka tashi biya, kowa dinari guda. Ku karanta wannan a Tudun Wada lokacin yankan shinkafa, ga 'yan ƙodago zaune, ku ga yadda fuskoki za su sake. Za su ce mai gonar nan bai yi adalci ba. Daidai nan ne darasin ya fara, gama na sassafe ba a rage musu ko anini ba, abin da ya ɓata musu rai shi ne an yi wa wani alheri. Ɓarawon nan kuma da aka gicciye tare da Ubangiji, wane aiki ya yi? Hannuwansa a kafe su ke. Bai yi azumi ba, bai ba da zakka ba, ko baftisma bai samu ba, aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar nan.

Wannan gardama tsohuwa ce, a Afirka kuma aka fara yanke ta. Wani malami mai suna Felajiyus ya koyar da cewa mutum yana da ikon kiyaye dokar Allah da ƙarfin kansa in ya so. Agustin, bishop na Hippo, garin da ke cikin ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya tsaya masa, taron da aka yi a Kartaj a 418 ya ƙi koyarwar Felajiyus. Bayan shekara dubu da ɗari Martin Luta ya ta da maganar a Jamus, a 1517, sa'ad da ya ga ana sayar wa talakawa takardun sassaucin horon zunubi domin a tara kuɗin ginin majami'ar Bitrus a Roma. Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya ba su ƙirguwa a wannan ɗan fili. Abin da ya kamata mu sani shi ne, ran 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na Lutawa suka sa hannu a takarda guda, suka yarda tare cewa ta wurin alheri kaɗai Allah ya ke karɓar mutum, ayyukan kirki kuma daga baya su ke fitowa. Saboda haka wanda ya fita daga wannan makaranta ya mai da wannan koyarwa sandar dukan 'yan Katolikan ƙauyensu, ya makara.

Haka kuma kada mu yi wa maƙwabtanmu Musulmi ƙage. Na kan ji waɗansunmu suna cewa su lada kaɗai suka sani. Gaskiya ne suna ba da gaskiya ga mizani da awon ayyuka ran ƙiyama, amma malamansu suna karantar da hadisin da ya nuna ba wanda aikinsa kaɗai zai shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. Bambancin da ke tsakaninmu yana nan, ba kuwa ƙarami ba ne: mu mun dogara ga mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa, su ba su karɓi wannan ba. A faɗi wannan a fili da ladabi ya ishe mu. Kalmar lada kuwa, in za mu yi wa kanmu adalci, ta fi yawa a bakinmu bisa ga yadda mu ke zato. Sau nawa ka ji an ce wa matan zumunta su zo sharar majami'a su sami lada?

To, ga inda mu da kanmu mu ke sa wa kyauta kuɗi. Na farko giya. Masu bishara na farko sun hana ta, ni ma ina ganin sun yi daidai, gama kowa ya san dawar da burkutu ya ke cinyewa daga rumbu da abin da ya ke jawowa cikin gida. Amma a wurare da yawa barin giya ya zama shi ne dukan ma'anar tuba. A ce wane ya tuba, nufin ya daina sha. Sai ka ga mutum bai taɓa kai ƙwarya baki ba shekara ashirin, yana zaluntar matarsa, yana tura iyakar gonar ɗan'uwansa, ga shi kuwa yana zaune gaba-gaba yana duban na baya kamar Bafarisin nan na Luka sura ta 18 da ya shiga Haikali yana ƙirga wa Allah azuminsa da zakkarsa. Sa'an nan kuɗi. Masu wa'azin shuka iri sun iso har ƙauye ta rediyo da wayar hannu, suna cewa ka ba da kaza Allah ya mayar maka ninki kaza. Wannan ai bikin mata ne aka kai wa Allah, ko kuwa yankan Kure ne aka sake masa riga. Siman na Samariya ya taɓa miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sayi baiwar Allah, ku duba Ayyukan Manzanni sura ta 8 ku ga amsar da Bitrus ya ba shi. Ko godiyar kaka, wadda abu ne mai kyau, in aka riƙa kiran suna ana faɗin buhun masara nawa ko wane ya kawo, gwauruwar da ta zo da mudu biyu za ta koma gida tana zaton Allah ma bisa ga buhu ya ke duban mutane.

Amma abin da ya fi damuna, wanda ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne zancen mai mata fiye da ɗaya. Ku sa wannan mutum a gabanku, gama za ku gamu da shi. Dattijo ne, ya auri mata uku bisa al'adar ubanninsa tun bai taɓa jin sunan Yesu ba, an biya dukiyar aure, dangi sun shaida, ko wace tana da ɗakinta da 'ya'yanta. Ya ji bishara, ya ba da gaskiya, ya fid da kayan tsafi daga gidansa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya ke tsoron iskoki za su rama. Ya zo neman baftisma, sai a ce masa ya saki biyu tukuna. In ya ƙi, ya zauna bencin baya har ya mutu, ba baftisma, ba Jibin Ubangiji. In ya yarda, ina matan nan biyu za su? Mace mai shekara hamsin, iyayenta sun rasu, gonar da ta ke nomawa ta gidan miji ce, 'ya'ya kuwa na uba ne. Mun sa mutum ya sayi shiga ikilisiya da hawayen tsofaffin mata biyu waɗanda ba su yi laifin kome ba, sa'an nan mu hau bagade mu ce kyauta ce.

Na san amsar da za a ba ni, ba kuwa amsar banza ba ce. Za a ce baftisma ba ita ce ceto ba, ba wanda ya ce dattijon nan ba shi da rabo a sama, tsarin ikilisiya kawai a ke tsarewa, aure kuma tun farko mace ɗaya da miji ɗaya Allah ya shirya. Na yarda da wannan na ƙarshe sarai. Amma dattijon nan ba ya karanta littattafan koyarwarmu, ƙofa ya ke karantawa. Ya ga an buɗe wa wanda ya yi sata ya tuba, an buɗe wa wanda ya zub da jini ya tuba, shi an rufe. Me zai fahimta in ba cewa akwai abin da jinin Almasihu bai isa ya biya ba sai an cika da saki? Ikilisiyar farko ta gamu da irin wannan, sa'ad da waɗansu suka ce al'ummai ba su da ceto sai sun yi kaciya. Manzanni suka taru a Urushalima, Ayyukan Manzanni sura ta 15, suka ƙi ɗora wa sababbin masu bi kayan da zai hana su shiga. Bulus kuma, da ya ke lissafta halin wanda ya cancanci shugabanci cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, ya sa zama mijin mace ɗaya a ciki. Sharaɗin shugabanci ne ya ke faɗi a wurin, ba na shiga ba.

Ba ni ne na fara wannan magana ba. Bishop-bishop na Angalikan da suka taru a Lambet cikin Ingila a 1888 sun yanke cewa kada a yi wa mai mata da yawa baftisma, a bar shi cikin masu koyo. Bayan shekara 100 daidai, a 1988, taron Lambet ya sake duba maganar, bishop-bishop na Afirka ta Gabas ne kuwa suka matsa. Aka yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma tare da matansa da 'ya'yansa masu ba da gaskiya, bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikin matan tana da rai, jama'ar ikilisiyar wurin kuma ta yarda, kada kuma a tilasta shi ya saki ko ɗaya, saboda wahalar da matan za su shiga. Masu tsoron cewa samari za su yi wayo, su tara mata tukuna sa'an nan su zo, su lura wannan hanya ba ta shafi wanda ya san gaskiya ya take ta ba. A ƙauye kuwa ba a ɓoye irin wannan, kowa ya san shekarar da wane ya yi aure da shekarar da ya fara zuwa sujada.

Saura babbar tambaya, wadda tun zamanin Bulus a ke yi: in ceto kyauta ne, me zai hana mutum ya yi abin da ya ga dama? Manomi ya fi malamin makaranta sanin amsar. Ba wanda ya taɓa sayen ruwan sama. Da mai ƙwazo da rago, da mai sadaka da marowaci, hadari ɗaya ne ya ke zuba musu. Amma wa ya taɓa ganin manomin da ya ce tun da ruwan nan kyauta ne bari in kwanta? Ruwan shuka ya sauka da dare, kafin gari ya waye gida duk ya watse gona, har yara da ƙwaryar iri. Ruwa ne ya ta da aikin. Wanda kuwa ya fita da sungumi cikin bazara yana saran busasshiyar ƙasa domin ya jawo hadari, wahala kawai ya ke sha. Abin da Yakubu ya ke nufi ke nan cikin wasiƙarsa da ya nuna bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba ba ta da rai: gonar da aka ce an yi mata ruwa, wata guda ya wuce ba ko tsiro, a bincika, watakila ruwan bai sauka can ba. Bulus da Yakubu ba su yi faɗa ba, ɗaya yana maganar abin da ke sa tsiro, ɗaya yana maganar yadda a ke gane an yi ruwa.

Horon ikilisiya ma yana da wurinsa, ban ce a yar da shi ba. Uba ya kan hori ɗansa domin ɗansa ne. Ɗan nan da ya lalatar da rabonsa cikin Luka sura ta 15 ya komo da shirin roƙon a ɗauke shi ɗan ƙodago, domin ya ci daga guminsa ya huta da kunya, uban bai bar shi ya kai ƙarshen maganar ba, ya sa aka kawo riga da zobe. Da yawa cikin masu binmu shirin ɗan nan su ke yi har yau, mu kuwa maimakon mu katse su sai mu miƙa musu fartanya mu faɗa musu kuɗin yini.

Abin da na ke roƙo ga 'yan'uwana da za su fita bana ba shi da yawa. In an ba ka ajin masu shirin baftisma, kada ka fara da jerin abubuwan da aka hana, za ka iso gare su a lokacinsu. Ka tambayi ko wane ɗaya, da Hausar da ya ke ji, in ya tsaya gaban Allah yau me zai nuna. In ya fara lissafin giyar da ya bari da zakkar da ya bayar, kada ka tsauta masa, gama abin da ya gani a wurinmu ya ke faɗi, sai ka koma da shi kan mai gonar nan da dinarinsa. Zancen dattawa masu mata kuwa ya fi ƙarfin malamin makaranta shi kaɗai, na majalisun ikilisiya ne, amma majalisa ba ta duban abin da ba a kawo gabanta ba, mu ne kuwa za mu zauna kusa da mutanen nan mu san sunayen matansu. Na sani cikin malamanmu akwai waɗanda ba su yarda da ni a kan wannan ba, cikin 'yan makaranta kuma akwai waɗanda kakanninsu mata aka saka ta wannan hanya. Ina roƙon Edita ya ba su fili a fitowa ta gaba, su na biyun nan musamman.